Godiya bayan tafiyar keke daga Aachen zuwa Troisvierges

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar kaɗan, na jingine kekena a tashar jirgin ƙasa ta Troisvierges da ke arewacin Luksambag, na zauna a kan benci, bakina ya kasa furta komai. Tafiyar da muka faro daga birnin Aachen na Jamus a watan Yuni, karaya ta tsinke ta a tsakiya, sai ga shi Allah ya nufa mun ƙarasa a Satumba. Da yawanku kun kira, kun turo saƙo, wasu sun tako har gida lokacin da nake jinya, ban samu na amsa wa kowa yadda ya kamata ba, don hannun daman ne a ɗaure. Yanzu hannu ya saki, shi ya sa na zauna in biya bashin godiya.

Waɗanda suka san gidanmu a Zariya sun san abin da ya raba ni da keke. Ina ɗan shekara 14 mota ta buge wana yana dawowa daga makarantar dare, ko kwana bai yi ba. Kekensa baƙin Rali ne. Aka kawo shi gida kansa a lanƙwashe, ya shekara jingine a zaure, ba wanda ya iya taɓa shi. Tun daga ranar ban sake ɗora ƙafa a kan feda ba, har tsawon sama da shekara 30. Ko da na zo Jamus, inda yaro da tsohuwa kowa da kekensa, ƙarar mota a bayana kaɗai ta isa ta jiƙa mini tafin hannu da gumi. Ranar da likita ya ce hawan jinina yana bukatar motsa jiki, ya ambaci keke, sunkuyar da kai kawai na yi.

Saboda haka bayan Allah, godiyata ta farko taka ce, Malam, maƙwabcina kuma yayana a wannan ƙasa. Ba ka yi mini wa'azin cire tsoro ba. Cewa ka yi akwai hanyar da mota ba ta bi, in zo in gani da idona. Ka ara mini kekenka, ka sauke sirdin har ƙafafuna biyu suna taɓa ƙasa, ka riƙe kariyar baya kana bina da sassarfa, da shekarunka da ciwon gwiwarka, mako uku cur kowace yamma. Allah ya saka maka da Aljanna.

Hanyar da Malam ya nuna mini sunanta Vennbahn. Asalinta layin dogo ne da daular Prussia ta shimfiɗa: ya isa Monschau a 1885, ya kai Troisvierges a 1889. Kwal yake kwasa daga yankin Aachen zuwa masana'antun ƙarfe na kudu, ya dawo da tama. Da jirgi ya daina bi, sai aka malala kwalta a gurbinsa, aka buɗe shi a matsayin hanyar keke a 2013. Tsawonta kilomita 125, ta ratsa Jamus da Beljiyam da Luksambag. Da yake jirgin ƙasa ba ya son tudu, hawan a kwance yake, a mafi yawan wurare bai wuce mita 2 cikin kowace mita 100 ba, har mutum ya haura sama da mita 500 bai ankara ba. Akwai inda ake tsallaka titi, akwai kuma 'yan wurare can kudu da ake bin ƙaramin titin ƙauye, amma galibin tafiyar daga kai sai kukan tsuntsaye da ƙararrawar wani keke. Duk tsawon hanyar ina tuna ɗan layin dogon nan na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, ina raya yadda zai kasance da yaran ƙauyukan da ya ratsa suna da irin wannan hanya zuwa makaranta.

Mu huɗu muka tashi: ni, Malam, ƙaninmu ɗan Damagaram da ke karatu a nan, da 'yata ta fari. Daga tashar Rothe Erde muka ɗauki hanya da sassafe. Ba mu yi nisa ba muka bi ta kan wata doguwar gada, muka hango Kornelimünster a ƙasa, ƙauyen da ya girma a gindin wani gidan ibadar Kirista da aka kafa tun 814. Malam ya tuna mana cewa shekara 12 kafin nan, a 802, giwar da Halifa Haruna Rashid ya aiko wa Sarki Sharlaman ta iso Aachen daga Bagadaza. 'Yata ta ce in giwa ta iya wannan tafiya, Baba ma zai iya. Wannan magana ta riƙe ni a wuraren da cinyata ta so ta gaza.

Daga wajen Roetgen zuwa Kalterherberg akwai abin mamaki. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta sa layin dogon ya koma hannun Beljiyam, shi da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. To, kana kan kwalta kana Beljiyam, gonar dama Jamus, gonar hagu ma Jamus. Yankuna biyar na Jamus ne layin ya yanke daga uwar ƙasa, ɗaya daga ciki, Rückschlag, gida ɗaya ne tak da lambunsa. A wannan tsakanin muka yi azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa, ba mu tabbatar ko a wace ƙasa goshinmu ya taɓa ba, kuma ba wanda ya tambaye mu takarda.

Monschau muka kwana. Garin yana can cikin kwari, sai an gangara da burki a hannu. Gidaje ne na katako da farar ƙasa, sun matsu da juna a bakin kogin Rur, wasu har sun leƙa kan ruwan. Arzikin garin daga saƙa da rini ya samo asali, don ruwan kogin yana da kyau wajen wanke ulu da rina shi. Babban jan gidan da ke tsakiyar gari wani attajirin masaƙa, Johann Heinrich Scheibler, ya gina shi wajen 1760, gida da wurin sana'a a haɗe. Ina tsaye a kan gada ina kallonsa, marinar Ƙofar Mata ta faɗo mini a rai. A ƙauyukan da ke kan tudun kuma mun ga shingen itatuwa masu rai da suka kai tsayin gida, an yanka musu ƙofa da taga, don su tare iskar hunturu.

Washegari abin ya faru. Mun wuce Kalterherberg, mun shiga yankin fadamar kan tudu da ake kira Hohes Venn, wurin da ruwan sama ba ya wuya. Yayyafi ya sauko, ya koma ruwa sosai. Gab da ƙauyen Sourbrodt na Beljiyam, a wata 'yar kwana, na danne burkin gaba da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen ganye, taya ta zame, na faɗi a kan hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Hular kwano ta tsage ta gefe, ita ta tsare mini kai, kuma 'yata ce ta dage sai na saka ta tun daga gida. Mamana, Allah ya yi miki albarka. Na ga yadda kika haɗiye kukanki, kika tattara kekunan daga kan hanya, kika riƙe mini lema hannunki yana rawa.

Wata dattijuwa ce ta fara iso mu, ta fito yawo da karenta. Da ta lura 'yata ta ja baya, ba ta ce komai ba, ta koma ta ɗaure karen a jikin wani turke can nesa, sannan ta dawo. Ta durƙusa a cikin ruwan nan, ta warware mayafin ulu mai ruwan toka daga wuyanta, ta naɗe hannuna a ƙirji ta ƙulle a bayan wuyana, a hankali kamar mai goyon jariri. Mayafin yana ɗauke da ɗumin jikinta da ƙanshin hayaƙin itace. Faransanci take yi, don mutanen Sourbrodt ba Jamusanci ne harshensu ba, ni kuwa ko kalma biyar ban sani ba. A nan ƙaninmu na Damagaram ya zama bakinmu da kunnenmu. Shi ya kira 112, lambar agajin gaggawa, shi ya kwatanta inda muke, shi ya ruga mahaɗar titi ya tsaya cikin ruwa har motar asibiti ta iso ya nuna mata hanya. Ƙanina, ranar na san amfanin zumuncin Najeriya da Nijar a jikina. Allah ya ba ka sa'ar karatu.

Mijin dattijuwar ya zo ya kwashe kekunanmu ya adana a rumbun ciyawarsa. Suka kai Malam da 'yata gidansu, suka ba su tawul da shayi mai zafi, da magariba ta yi matar ta shimfiɗa musu bargo mai tsabta a falo, ta ja ƙofa. Ba su san mu ba, ba su tambayi daga ina muke ba sai da komai ya lafa.

Ina godiya ga ma'aikatan motar asibiti da likitoci da nas-nas da suka yi mini ɗori a daren. Ƙashi ne ya karye a wuyan hannu, mako 6 yana ɗaure. Jama'ar masallacinmu, kun yi ta zirga-zirga da abinci da addu'a, har da waɗanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Uwargida kuwa, ban san da wane baki zan gode miki ba. Ke kika yi mini alwala, kika ɓalla mini maɓallin riga, kika yanka mini nama a faranti. Kin fi kowa sanin labarin wana, kin fi kowa dalilin cewa a bar keken nan haka. Amma ranar da aka kwance hannun, ke kika ce saura rabin hanya.

Muka koma Sourbrodt a Satumba. Na mayar wa dattijuwar mayafinta a wanke a goge, tare da turmin atamfa da dabino. Ta rungume atamfar tana dariya, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani. Daga ƙofar gidansu muka hau. Da muka zo kwanar farko jikina ya ɗauki rawa, Malam ya matso kusa da ni yana karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi, na bi shi, muka wuce.

Muka ratsa Waimes, muka kwana St. Vith, garin da bama-bamai suka kusan shafe shi a Disambar 1944, shi ya sa gine-ginensa sababbi ne in ban da tsohuwar hasumiyar Büchel. Daga nan sai kwaruruka da shanu, da kangon fadar Burg-Reuland a kan dutse. Kusa da iyakar Luksambag akwai ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin tudu, an rufe shi an bar wa jemagu, don haka hanyar ta zagaya ta sama. Wannan ne hawa mafi tsanani a tafiyar. Na sauka na tura keken da hannun hagu, su ukun suka sauka suka tura nasu tare da ni.

A kan bencin tashar Troisvierges na kira Inna a Zariya. Duk watannin nan na ɓoye mata cewa daga kan keke na faɗi. Na faɗa mata gaskiya, na ce kuma yau na gama kilomita 125. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta kira sunan wana, ta ce Allah ya jiƙansa, sannan ta ce in riƙa saka hular.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa wana marigayi cikin addu'a. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan dukkan magabatanmu.