Tarihin Rayuwata (14): Daga Masaƙa Zuwa Rasit Ɗin Kasuwa

A makon jiya na tsaya inda aka garƙame ƙofar masaƙarmu a Kakuri. To, ban bar Kaduna nan take ba. Wata takwas na yi ina zarya, kullum da sassafe mu taru a bakin get muna jiran haƙƙinmu. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da aka kafa tun 1957, zamanin Sardauna, ta riga ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL (United Nigerian Textiles Limited) ma ta bi sahu a 2007. Duk wanda ya ce maka gobe inji zai tashi, lallashinka kawai yake yi.

Ba aljanu ba ne suka kashe masaƙun nan. Gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, lantarki ba ya tsayawa, baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi ya yi tsada, ga atamfar China tana kwararowa ta kan iyaka har Kantin Kwari. Daga baya aka ce an ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu. Mu dai a rediyo muka ji.

Da tukunya ta fara kwana ba wuta, na tattara iyali muka koma gida. Kawuna ya kira ni zaure.

"Kai, zaman kashe wando bai kamace ka ba. Na yi maka magana a sakatariya."

"Allah ya ƙara girma, Kawu. Ko shara ce zan yi."

Haka na zama mai yankan rasit a kasuwa, ƙarƙashin ƙaramar hukumarmu. Ban fi wata uku ba na gane gidan da na shiga ma yoyo yake yi. A wancan lokacin, kuɗin da ake rabowa daga Abuja ba ya sauka hannun ciyaman kai tsaye, sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A can za a cire albashin malaman firamare, a cire kason masarauta, a cire na ayyukan da ko ganinsu ba mu yi ba. Abin da ya rage shi za a yi albashi da shi, da maganin asibitin sha-ka-tafi, da gyaran rijiyar burtsatse. Ga kuma irinmu da masaƙu suka amayar, kowa da takardar neman aiki a aljihu. In wata ya ƙare ka tambayi ma'aji, sai ya ce, "Malam, ba a sako ba tukuna." (Ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ma'ajin nan na fara tunawa.)

Wata ranar kasuwa ina bin rumfuna, sai na ji an kira ni da sunan da ake kirana a Kakuri. Abokin shif ɗina ne na sashen rini, ya baza atamfa a kan tabarma. Na ɗaga gefen turmi ɗaya na shafa. 'Yar China ce.

"Ɗan'uwa, kar ka kalle ni haka," ya ce. "Nawa ne rasit ɗin?"

Na yaga na miƙa masa, na zuba kuɗin daga aljihuna. Abin da wannan ya jawo mini wajen shugaban sashenmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.