Rufin Miata: rana ce ke kashe shi, damina sai dai ta tona asiri

Motar Mazda MX-5 ce ƙirar 1995, wadda Amurkawa ke kira Miata, mai kujera biyu da rufin leda mai naɗewa da fitilun gaba da ke ɗagowa in an kunna su. A Chicago aka fara baje kolinta a 1989, kuma wannan zubi na farko ya tsaya a 1997. Daga Amurka ta shigo, sitiyarinta a hagu. Na saye ta da rani, lokacin da babu mai tunawa ya tambaya ko rufi yana yoyo. A unguwarmu a Kaduna yara suna kiranta motar tsere, dattawa kuwa sai su leƙa ciki su ce, "To Alhaji, iyalin fa a ina za su zauna?"

Ruwan Mayu da Yuni bai nuna komai ba. Sai da marka ta kankama a watan Agusta na fara jin warin ɗanshi, kafet ɗin bayan kujeru ya jiƙe, ruwa ya kwanta a gefen but. A wannan ƙirar batir a but yake zaune, saboda haka ba abin da za a ɗage wa ƙafa ba ne.

Duk wanda ya ga motar sai ya ce rufin ne ya mutu, a sayi sabo. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Ledar ta ƙeƙashe, ta tsattsage a inda take naɗewa, tagar baya ta roba kuma ta koma ruwan ƙasa, har sai na dogara da madubin gefe in zan yi ribas. Amma da na sa ƙanena ya riƙa zuba ruwa da tiyo ina zaune a ciki, ɗigo ɗaya bai faɗo daga sama ba. Ruwan ta ƙasa yake zuwa.

A nan na fahimci yadda aka ƙera abin. Rufin irin wannan mota ba ya tare ruwa gaba ɗaya, hanya yake ja masa. Duk ruwan da ya gangaro ta baya yana shigewa tsakanin rufin da jikin mota, ya faɗa wata 'yar kwata ta roba mai tauri da ke manne da bakin rufin ta ciki. Kwatar ta kai shi ramuka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu a bayan kujeru, daga nan ya bi bututu ya zube ƙasa a gaban tayoyin baya. Tawa kwatar ta tsufa ta kakkarye, ramukan kuma sun toshe da ƙurar hunturu da busasshen ganyen darbejiya, sun zama laka. Da na ɗora sabon rufi a kan wannan, da kuɗina sun tafi, kafet na nan a jiƙe. Wanda ya fi wannan muni ma, ruwan da ya rasa mafita yana kwanciya a cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, tsatsa ta ci shi daga ciki. Lokacin da fenti zai fara kumbura, aikin ya riga ya zama na mai walda.

Masu irin motar a Ingila da burushin wanke kakakin 'yan badujala suke share bututun. Ni da siririyar waya mai laushi na yi, na naɗe bakinta da tsumma, a hankali, domin akwai wani ɗan murfin roba a ciki da ba a son a yage shi. Sai na zuba ruwa kofi guda, na durƙusa na ga ya fito.

Bayan nan aka zo zaɓen rufin. Shawarar farko da aka ba ni ita ce in kai wa masu ɗinka tampol ɗin Keke Napep, su auna su yanka. Na je, kuma ban raina aikinsu ba, don mutanen nan sun san allura. Dattijon da na samu ya zagaya motar, ya sauke rufin, ya ɗaga, ya sake saukewa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗinki zan iya. Amma rufin Keke tsayawa yake wuri ɗaya, wannan kuwa kullum naɗe shi ake yi. Tampol ɗina zai karye a gaɓoɓin nan kafin wata damina." Ya kuma nuna mini wayoyi biyu da ke bi ta gefen rufin suna ɗame shi a saman gilashin ƙofa, ya ce in awo ya kauce ko da faɗin yatsa ne, iska za ta riƙa kumbura shi a kan hanya. Shawararsa ita ce in yi odar wanda aka yanka wa motar tun daga kamfani, shi ya ɗaura mini. Hakan aka yi.

Kayan da ake yin rufin iri biyu ne: leda da yadi. Ledar ita ce yawancin waɗannan motoci suka fito da ita. Ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma tsumma mai ruwa ya ishe ta wanki, abin da ba ƙarami ba ne a garin da ƙura ke sauka tun daga Nuwamba har Maris. Matsalarta rana. Zafi yana busar da sinadarin da ke sa ta laushi, sai ta taƙure, ta yi tauri, ta fara fashewa. Yadin kuwa hawa uku ne: zaren akirilik a waje wanda aka rina tun kafin a saƙa, roba a tsakiya wadda ita ce ainihin mai tare ruwan, sai shafi a ciki. Sunayen da za ka riƙa cin karo da su su ne Stayfast da Twillfast na kamfanin Haartz da ke jihar Massachusetts, da Sonnenland da ake gani a motocin Jamus. A Ingila mohair suke ce masa, ko da yake babu gashin akuya a ciki. Yadi ya fi jure rana da naɗi, amma yana riƙe ƙura a cikin saƙarsa, kuma kashin tsuntsu in ya kwana a kai sai an yi da gaske.

Na ɗauki yadi, baƙi. Na san baƙi yana shan zafi, amma mai ruwan ƙasa da na gani a wata mota ya yi dabbare-dabbare da jan ƙasarmu, ba wankin da ya fitar da shi. Ra'ayina shi ne wanda motarsa ke kwana a gareji tana kuma wuni a inuwa, leda ta ishe shi, kada ya ɓata kuɗi. Wanda tasa ke wuni a filin ofis daga safe zuwa la'asar, ya daure ya sayi yadi.

Tagar baya ban tsaya dogon tunani a kanta ba. Ta asali roba ce mai zif, wadda ya kamata a zuge a kwantar kafin a sauke rufi, in ba haka ba ta lanƙwashe ta bar tabo. Zubi na biyu da ya fito a 1998 da gilashi ya zo, kuma yanzu ana yi wa tsohon ma rufi mai gilashi. Ya ɗan fi na roba ƙanƙanta, amma ƙura ba ta karce shi, rana ba ta dusashe shi. Na haɗa da sabuwar kwata da sabbin wayoyin gefe a oda ɗaya.

Ɗaurin ya ci wuni guda. Dattijon ya shimfiɗa rufin a rana tukuna don ya saki jiki, duk da haka sai da mutum biyu suka danna kafin maƙallan gaba su kama. Ya ce kada in sauke shi sai bayan mako biyu, ya zauna a kan ƙarfensa.

Sai maganar mayafin lulluɓe mota, wadda ta fi ba ni wahalar yanke shawara fiye da rufin kansa, domin abin da ido ke cewa daidai ne shi ne ke ɓarna. Kowa tampol mai kauri yake kawo maka, irin na rufe buhunan hatsi. Ruwa ba ya ratsa shi, gaskiya ne, amma ɗanshin da ke tasowa daga ƙasa ma ba ya fita. In rana ta buɗe bayan ruwa, motar dahuwa take a ciki, yadin ya yi fumfuna. In iska ta taso kuma, tampol ɗin ya riƙa goga ƙurar da ke tsakaninsa da fenti. Akwai cikakken mayafi mai numfashi, mai laushi ta ciki, wanda ya dace da motar da za a ajiye ta daɗe. Amma ba a sa shi sai mota tana da tsabta, kuma wa zai wanke mota kullum da yamma don kawai ya lulluɓe ta? Akwai kuma shimfiɗaɗɗen murfi mai maɓallai da ake rufe kujeru da shi in rufi na ƙasa, mai zif a tsakiya don direba ya buɗe nasa ɓangaren. Wannan na yayyafin Turai ne. Ruwanmu da ke zuwa kamar da bakin ƙwarya taruwa zai yi a tsakiyarsa, ya nemi zif ɗin ya bi.

Rabin mayafi na saya, wanda ke rufe rufin da gilasai kawai, ana ɗaure shi da igiyoyi. Bai cika taɓa fenti ba, mutum ɗaya yana sa shi cikin minti biyu, in an naɗe kuma ba ya cinye but. Na fi amfani da shi a Maris da Afrilu fiye da Agusta, domin a lokacin ne ranar ke yi wa rufin illa, mayafin kuma yana hana kujeru zama garwashi. In ya jiƙe sai na shanya shi kafin in naɗe, kamar yadda ba na sauke rufin da laima a jikinsa.

Wankin rufin ni nake yi da kaina, da burushi mai laushi da ruwa zalla, ban da garin sabulu. A wurin wankin mota nakan roƙi yaran su kau da injin feshi daga ɗinki da robobin ƙofa. Kafin ruwan farko nakan shafa masa maganin da ke sa ruwa ya gangare, in sake share bututan nan biyu.

Har yanzu in ruwa ya zo da iska daga gabas, ɗigo yana shigowa ta kusurwar da gilashin ƙofa ya haɗu da na gaba, ya sauka a gwiwar direba. Robar wurin ce ta tsufa, ita zan sauya nan gaba. Wani aboki yana ta zuga ni in nemi rufi mai tauri mai cirewa, wanda ke shiga zubi na farko da na biyu duka, musamman don tafiyar Jos inda wani lokaci ƙanƙara ke sauka. Yana kai kilo 20, sai mutum biyu ke ɗaga shi, kuma in an cire sai an samo masa wurin ajiya a gida. Na ce masa sai dai in ya yarda ya riƙa zuwa kama mini.