Zaɓen Bindigar Aljihu da Harsashinta a Amurka

Ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar harbi. Sabon shiga yakan ɗauka akasin haka, ya shiga kanti ya nuna wadda ta fi ƙanƙanta a cikin gilashi, sai ya je filin atisaye ya tarar hannu na zafi tun kafin ya gama kwali ɗaya na harsashi, kuma rabin harbin bai sauka inda ya nufa ba. Dalilin a fili yake. Mariƙin gajere ne, yatsu biyu kawai ke samun wuri. Tazarar da ke tsakanin idon saiti na gaba da na baya ba ta da yawa, don haka ɗan karkacewar da ba ta kai komai ba takan zama kuskure babba a nesa. Sannan rashin nauyi yana sa duk ƙarfin zaburar bindigar ya ƙare a tafin hannu. Abin da ake samu a madadin wannan wahala abu ɗaya ne: bindigar tana shiga aljihu, mai ita kuma ba ya barinta a gida.

Maganar nan ta Amurka ce, inda doka ta yarda farar hula ya ɗauki fistol a ɓoye. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. A Amurkar ma ba kowa ba ne. Dillali mai lasisin tarayya ba ya sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba, sai an cike fom mai lamba 4473 an kuma binciki tarihin mai saye. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi, in ban da wasu 'yan togaciya. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen, jiha ba ta da ikon cewa sai ka kawo wani dalili na musamman kafin ta ba ka izinin ɗaukar bindiga, kuma fiye da rabin jihohi ma ba sa neman izinin. Duk da haka Niyok da Kalifoniya suna nan da tsauraran sharuɗɗa, ciki har da hana gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya kuwa ba a shiga da bindiga ko da izinin jiha.

Nauyi ne ke fara yanke hukunci. Aljihun wando na gaba yana jure kusan giram 300 zuwa 450 ba tare da wandon ya karkace ba. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008 ta cika kasuwa, ba ta wuce kusan giram 270 ba in babu harsashi, tana ɗaukar 6 a gidan harsashi da 1 a baki, na nau'in harsashin da ake kira .380 ACP. Ƙanwarta LCP Max ta 2021 tana kusan giram 300 kuma tana ɗaukar 10, ga idon saiti da ake iya gani, wanda na tsohuwar ɗan tudu ne kawai a kan ƙarfe. Glock 42 ta 2014 ita ma .380 ce, tana kusan giram 390. Ta fi su daɗin harbi nesa ba kusa ba, amma tsawonta yana cika aljihu, a wasu wanduna gindin mariƙin yakan leƙo. SIG P365 ta 2018 tana harba 9mm, tana ɗaukar 10, nauyinta kusan rabin kilo tun kafin a loda ta. Ana tallata ta a matsayin bindigar aljihu, amma a ganina wurinta ƙugu ne, sai dai ga mai jiki da manyan aljihuna.

Kada a raina libarba, wato bindiga mai gangar harsashi mai juyawa. Smith & Wesson 642 da 442, da Ruger LCR, duk suna kusa da giram 400, suna ɗaukar harsashi 5 na .38 Special, bututunsu bai kai inci 2 ba. Gudumarsu a rufe take cikin jiki, babu abin da zai kama bakin aljihu wajen zarowa. Siffarsu mai lanƙwasa ce, ba ta zana hoton bindiga a jikin yadi kamar fistol mai kusurwoyi, ko da yake gangar harsashin ta fi kauri. Ba ruwansu da yadda ka riƙe su, za su tashi. Laifinsu uku ne: harsashi kaɗan, sake lodi a hankali, da kunama mai nauyi, wadda takan kai kilo 5 ko fiye. Jan kilo 5 da yatsa ɗaya a kan abin da bai kai rabin kilo ba, ba tare da bakin ya motsa ba, sai an yi ta maimaitawa da bindiga fanko a gida, bayan an tabbatar sau biyu babu harsashi a cikinta ko a ɗakin.

Akwai wani bambanci da mai kanti ba ya cika faɗa. Tsofaffin ƙananan fistol irin Walther PPK ba sa kulle bututu da murfin sama lokacin harbi, nauyin murfin da ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe su. Shi ya sa suke da nauyi, jan murfinsu da wuya, kuma suna dukan hannu fiye da yadda girman harsashin ya kamata. LCP da Glock 42 suna kullewa na ɗan lokaci, sifirinsu ya fi laushi. Ga mai raunin hannu ko dattijo, wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci. In ba ka iya jan murfin har ƙarshe sau goma a jere a cikin kanti, ajiye ta.

Yanzu harsashi, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Ma'aunin da kowa ke bi ya samo asali ne daga artabun Miyami na 11 ga Afrilu 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu a musayar wuta da 'yan fashi. Wani harsashin 9mm mai nauyin giren 115 (giren ƙaramin ma'aunin nauyin harsashi ne, ba giram ba) ya ratsa hannun ɗaya daga cikin 'yan fashin ya shiga ƙirji, ya tsaya dab da zuciya, mutumin kuma ya ci gaba da harbi. Daga nan hukumar ta tsayar da ƙa'ida: harsashi ya nutsa inci 12 zuwa 18, wato kusan santimita 30 zuwa 46, a cikin jelatin na gwaji mai kwaikwayon naman jiki, mai kashi 10 cikin ɗari, har da bayan ya ratsa tufafi masu kauri. Ƙasa da 12 yana iya kasa isa inda zai tsayar da mahari. Sama da 18 yana iya fita ya sami wanda ba ruwansa, kuma doka za ta tambaye ka kowane harsashi da ya bar bakin bindigarka.

Matsalar .380 ita ce ƙarfinsa bai isa ya yi aiki biyu a lokaci guda ba. John Browning ya ƙirƙiro shi a 1908. Faɗin kansa ɗaya da na 9mm, amma kwansonsa milimita 17 ne maimakon 19, kan harsashin giren 90 zuwa 95, gudunsa ƙafa 900 da wani abu a daƙiƙa daga gajeren bututu. Harsashi mai ramin baki an yi shi ne don ya buɗe kamar laima in ya shiga. In ya buɗe sosai a wannan ɗan ƙarfi, sai ya tsaya a inci 8 ko 10. In ramin ya toshe da zaren riga, ba ya buɗewa sam, sai ya zarce. Mai dunƙulallen kai, wanda ake atisaye da shi, kullum yana nutsawa, sau da yawa har ya wuce iyaka. Mafita ita ce a nemi wanda aka ƙera ya buɗe kaɗan ya nutsa da yawa. Kan XTP na Hornady mai giren 90 ya daɗe da wannan suna. Hydra-Shok Deep na Federal mai giren 99 an yi shi ne musamman don ya kai ma'aunin. Critical Defense na Hornady yana da toshi na roba a cikin ramin don kada tufa ta cika shi. Hoton kwali mai nuna kan harsashi ya baje kamar fure ba hujja ba ne. A nemi sakamakon gwajin jelatin da aka yi da bututu mai tsawon naka, domin abin da inci 4 ya bayar ba shi inci 2.75 zai bayar ba.

In ka ga kwalin .380 an rubuta +P, alamar ƙarin matsin albarushi, wuce shi. Ƙungiyar SAAMI, mai tsayar da iyakar matsin albarushi a Amurka, ta amince da +P ga 9mm da .38 Special, amma ba ta da irin wannan ma'auni ga .380. Kowane kamfani da nasa lissafin ke nan, kuma littafin LCP ya hana amfani da shi.

A libarba, Speer Gold Dot mai giren 135 +P an tsara shi ne don gajeren bututu, yana buɗewa a gudun da sauran ke kasawa. Wanda zafinsa ya yi wa yawa yana iya komawa kan harsashin gasa mai shafaffen kai, giren 148. Ba ya buɗewa, amma yana yanka rami mai cikakken faɗi, yana nutsawa sosai, zaburarsa kuma kaɗan ce. A libarba mara nauyi a kula da wani abu: zabura takan fizgo kan harsasan da ba a harba ba tukuna daga cikin kwansonsu, har ɗaya ya leƙo gaban ganga ya hana ta juyawa. Gwajin mai sauƙi ne. Loda 5, harba 4, fito da na ƙarshe ka jera shi da sabo. In ya fi tsawo, canza harsashi. Jihar Niyu Jazi tana da dokarta ta daban mai taƙaita yawo da harsashi mai ramin baki, mazauna can su karanta ta kafin su saya.

Kowane iri ka zaɓa, sai bindigarka ta karɓe shi. Ƙananan fistol suna da tsirfa: gangaren da harsashi ke hawa zuwa bututu gajere ne kuma a miƙe, mai faffaɗan baki yakan cije a nan. A fara da harsashin atisaye kamar 200 don sassan su goge, sannan aƙalla 50 na ainihin wanda za a ɗauka, ta cikin kowane gidan harsashi da aka mallaka, ba tare da tsayawa ko ɗaya ba. Yana da tsada, amma babu wata hanyar sani. Wani ɓangare a harba da hannu ɗaya, har da na hagu, domin a nan ne cutar sakin wuyan hannu ke bayyana: in riƙon ya yi sanyi, jikin bindigar yana bin murfin baya, murfin ba ya kai ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a tsaye a bakin taga. Mai ƙaton hannu ya duba ko murfin yana yankar fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ko babban yatsan yana danne maɓallin da ke sakin gidan harsashi. Ma'aunin da ya dace a gwada kai da shi: harbi 5, cikin da'ira mai faɗin inci 5, daga yadi 5, a daƙiƙa 5. Wanda ya kasa da .380 mafi ƙanƙanta amma ya iya da Glock 42 ya sami amsarsa.

Bindiga ba ta shiga aljihu tsirara. Kube na aljihu, irin DeSantis Nemesis, yana yin aiki uku: ya rufe kunama gaba ɗaya, ya tsayar da mariƙi a sama don kada bindigar ta kife, ya kuma ɓata siffarta daga waje. Bayansa mai kama yadi ne, don in an zaro bindigar shi ya tsaya a ciki. Aljihun nan kuma nata ne ita kaɗai. Makulli, kwabo, biro, kowanne yana iya shiga zoben kunama. Wajen mayarwa, a fito da kuben, a sa bindigar a ciki yatsa na waje, sannan a mayar da su tare. Cusa bindiga mai lodi cikin kuben da ke cikin aljihu ita ce hanyar da mutane ke harbin cinyarsu.

Masu sa kaftani ranar Juma'a ko Sallah su sani aljihun gefe bai dace ba. Yadin ba shi da ƙarfin riƙe giram 300, yana reto yana bugun cinya, bakin bindigar yana nuna duk inda ya ga dama in an zauna a ƙasa. Aljihun wando na gaba ma yana da nasa aibin: a zaune, musamman cikin mota da bel a ɗaure, zarowa kusan ba ta yiwuwa. Amfaninsa a tsaye yake, inda mutum zai iya sa hannu a aljihu ya riƙe mariƙi ba wanda ya lura, in abin ya wuce ya fito da hannunsa fanko.

Aljihu wuri ne mai datti. Zaren yadi da ƙura suna taruwa a bayan kunama, cikin bututu, da ramin allurar da ke dukan gindin harsashi, gumi kuma yana kawo tsatsa. Duk mako a sauke lodi, a goge, a sa mai ɗigo ɗaya a kan layukan da murfi ke bi. Mai da yawa shi ke kama dattin. A danna gindin gidan harsashi kowace safiya, domin zama yakan taɓa maɓallin ya sake shi kaɗan, sai bindigar ta harba ɗaya ta yi shiru. Harsashin da ke baki kuma kada a riƙa fitar da shi ana mayarwa: kowace shiga tana tura kansa cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Bayan sau biyu ko uku a ware shi, in ya gajarce a kan sabo a kai shi filin atisaye su zubar. Sauran da ke cikin gidan a harbe su duk wata 6 zuwa shekara, a zuba sababbi daga irin wanda aka gwada.