Laraba a Maseru, da taswira a kan tebur

Sanyi ya hana ni fitowa da wuri. Watan Yuli a Lesotho tsakiyar hunturu ne, kuma Maseru, babban birnin ƙasar, da suke kira gangare tana kusan mita 1,600 sama da teku. Wurin da ya fi ko'ina kwari a duk ƙasar ma ya kai wajen mita 1,400. Sai da na ɗumama ruwa a butar shayi kafin na iya alwala.

Da muka zauna karyawa Yaya ya baje taswira, ya ce ƙasar da ba ta fi murabba'in kilomita 30,000 da 'yan kai ba ai ba ta da wuyar zagayawa: gobe Semonkong, jibi dam ɗin Katse, gata mashigin dutse na Sani. Mai masaukinmu, wadda muke kira 'M'e kamar yadda ake kiran kowace babbar mace a nan, ta ajiye tiren shayi ta leƙa takardar.

"Ntate," ta ce masa, kamar yadda ake kiran babban namiji a nan, "a nan ba kilomita ake ƙirgawa ba, awa ake ƙirgawa."

Ta ja kujera ta yi mana dalla-dalla. Semonkong kilomita ɗari da wani abu ne daga Maseru, kwalta ce har can, ana bi ta Roma inda jami'ar ƙasar take. Amma daga Roma hanya ta fara hawa da lanƙwasa, sai mutum ya ci kusan awa uku. A can ruwan Maletsunyane yake faɗowa daga tsayin mita 192, kuma daga gari a ƙafa ake zuwa ko a kan ƙananan dawakan Basotho, wato mutanen Lesotho. Katse kuwa wata hanya ce daban, ta arewa, ta Leribe, a haura mashigin Mafika Lisiu da ya ɗara mita 3,000 kafin a gangara ga dam ɗin, mai tsayin mita 185, wanda ake tura ruwansa Afirka ta Kudu. Sani tana can ƙarshen gabas, bayan Mokhotlong, kuma a wannan watan ƙanƙara kan rufe hanyar ba sallama. Mai gangarawa daga can zuwa lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu sai da mota mai jan ƙafa huɗu, kuma da yamma ake rufe iyakar.

Yaya ya so ya ja, na ce masa, "Yaya, mu bar Sani." Ni a ganina wuri biyu da mutum ya zauna ya gani sun fi uku da ya hango ta tagar mota. Ya yi shiru, can ya soke ta da biro.

Da hantsi muka shiga gari neman kuɗi. Na'urar banki maloti ta ba mu, wato kuɗin Lesotho, jam'in loti. Loti ɗaya daidai yake da rand ɗaya na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand ko'ina a Lesotho, amma da ka tsallaka iyaka ba mai karɓar loti a hannunka. Don haka muka ware rand ɗin gefe, maloti za mu fara kashewa. Muka kuma nemi canji ƙanana, don a ƙauyukan kan dutse kati ba shi da amfani. Na sayi bargon Basotho mai kauri. Ya ci kuɗi, amma da na ga makiyaya da shi suke yini a filin Allah, ban yi dogon ciniki ba.

Wani baƙo a masaukin ya ba ni tausayi. Ta mota ya shigo, ta gadar Maseru, da bizar Afirka ta Kudu mai shiga sau ɗaya, alhali jirginsa na komawa daga Johannesburg zai tashi. Ƙasar nan Afirka ta Kudu ta kewaye ta ta ko'ina, duk inda ka fita cikinta za ka koma. Yini ya yi yana buga waya. Wanda zai zo ta ƙasa ya tabbatar bizarsa ta ba shi damar sake shiga, in motar haya ce ya karɓi takardar izinin tsallaka iyaka daga kamfanin, in kuma daga ƙasar da ake fama da cutar shawara ya fito ya riƙe katin rigakafinsa. Zazzaɓin cizon sauro dai babu shi a nan. Man leɓe da na fata sun fi amfani, iskar a bushe take.

Bayan azahar muka leƙa Thaba Bosiu, ba nisa da gari, dutsen da Sarki Moshoeshoe na Ɗaya ya kafa sansaninsa a 1824. Hawan ba tsawo, amma numfashina ya gaya mini ba a bakin teku nake ba.

Abincin dare papa ne, tuwon masararsu, da ganyen moroho da kifi. Yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne, nama sai ka tambayi wanda ya yanka, mu dai kifi ya raba gardama.

Mun yi magana da direba. Ƙarfe bakwai zai zo, da tanki cike, don rana tana faɗuwa biyar da 'yan mintuna kuma ba ya son tuƙin dare a kan dutse. Ya ce da asuba zai kira wani ɗan'uwansa a Ramabanta, a kan hanyar Semonkong, ya ji halin hanya. In ƙanƙara ta sauka, a Roma za mu tsaya.