Ɗigon mai a cikin ƙwayar halitta

Yau a ɗakin gwaje-gwaje malamarmu ta nuna mana wani gajeren bidiyo da aka ɗauka ta madubin ƙara girma, inda wasu korayen ɗigo biyu na wani furotin mai suna MED1, wanda ake samu a cikin ƙwayar halitta, suka kusanci juna, suka haɗe suka zama ɗaya, kamar yadda man gyada yake yi idan ya zuba a ruwa. Na roƙe ta ta maimaita shi har sau uku. Shekara da shekaru ana koya mana cewa furotin ba ya aiki sai ya naɗe ya ɗauki tsayayyar siffa, amma ga wani sashe nasa da ba shi da siffa ko kaɗan, yana lilo kamar zaren da ya warware, kuma wannan sashen ne yake sa shi ya ware daga ruwan da yake ciki ya dunƙule.

A 2018 ɗakin binciken Richard Young a Amurka ya nuna cewa MED1 da wani furotin mai suna BRD4 suna taruwa haka a kan sassan DNA masu ƙarfafa karanta ƙwayoyin gado, suna tattaro kayan aikin kwafar saƙon DNA zuwa RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar kwafin saƙon, a wuri guda ba tare da wata fata ta kewaye su ba. Wasu masana, ciki har da Robert Tjian, suna ganin cewa ganin ɗigo a gilashin gwaji bai isa hujja a kan abin da ke faruwa a cikin ƙwaya mai rai ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Duk da haka, tun da na dawo gida hoton ɗigon nan biyu bai bar raina ba.