Da kuɗina na sayo tofa

A gidanmu da ke Kaduna akwai wani siririn fili tsakanin katanga da hanyar shigar mota, tsawonsa bai wuce mita 7 ba, wanda rana take dukansa tun daga hantsi har la'asar. Duk furen da na dasa a wurin, da zarar bazara ta kama sai ya ƙone, ko da ana ba shi ruwa safe da yamma. Daga ƙarshe na yanke shawarar komawa ga ciyawar ado, tunda ciyawa ce ta san ranar ƙasar nan, kuma ba ta bukatar a riƙa lallaɓa ta.

Iri uku na dasa a farkon damina. Jema na sa a baya ta jikin katanga saboda tsayinta, a tsakiya kuma na jera jar ciyawar nan mai lallausar zangarniya kamar jelar kyanwa, wadda danginsu ɗaya da gero da kyasuwa. Waɗannan biyun ba su taɓa ba ni ciwon kai ba. Ta ukun ce har yau idan na tuna da ita nake jin takaici.

Gajeruwa ce, ba ta kai gwiwa ba, ganyenta a miƙe tsaye, gindinsa kore, samansa kuma ja wur kamar an tsoma shi a lalle. Mai sayar da furanni a bakin titi ya ce mini daga Japan aka kawo irinta, kuma ta fi sauran tsada. Leda 12 na ɗauka na jera a gaba. Shekarar farko ban da yabo babu abin da nake sha daga baƙi, musamman da yamma idan hasken rana ya ratsa ganyen. A damina ta biyu sai na ga wasu korayen ganye, waɗanda suka fi jajayen tsawo da faɗi, suna ɓullowa a tsakaninsu, ni kuwa har murna nake yi wai shukata ta samu wuri. Ban fara zargin komai ba sai ranar da na ga tsiro ya leƙo ta tsakanin intalok, taku biyu daga inda na yi dashen.

A makon ne Baffa ya zo daga ƙauye. Yana fitowa daga mota ya tsaya, ya sunkuya ya tsinki ganye ɗaya, ya goga kaifin gefensa a babban yatsa, ya nuna mini farar jijiyar da ba ta bi tsakiyar ganyen daidai ba. Sannan ya sa sandarsa ya tono wata farar saiwa mai tsini kamar basilla.

"Ɗana, tofa kake ba ruwa? Mu muna can muna yaƙi da ita a gona, kai kuma ka yi mata ɗaki a ƙofar gida?"

Na ce, "Baffa, ai wannan ta Japan ce."

Ya ce, "Ko daga birnin Sin aka kawo ta, tofa ce."

Da na bincika na tarar gaskiyarsa ce. Sunanta a wurin masana Imperata cylindrica, kuma jar da ake sayarwa domin ado da korayen da manoma ke kuka da su jinsi ɗaya ne. An dai ware mai jan ganye ana yaɗa ta, amma tana iya komawa asalinta, kuma idan ta koma takan dawo da duk halinta na cin wuri. Shi ya sa wasu jihohin kudancin ƙasar Amurka suka hana sayar da ita. Ba na ganin laifin mai furannin sosai, domin ina kyautata zaton shi ma ganyen kawai ya sani.

Fitar da ita ya ci mini fiye da abin da na kashe a kan shukokin gaba ɗaya. Baffa ya gargaɗe ni kada in sa mata wuta ko in sare ta da lauje, domin hakan ƙara mata ƙarfi yake yi. Sai da na ɗauko leburori biyu da diga da shebur, muka ɗaga intalok layi huɗu, muka haƙa kusan zurfin gwiwa, muka riƙa tankaɗe ƙasar da raga, saboda guntun saiwa da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa ya sake tsirowa. Saiwar ta soke ta cikin gindi uku na mai jelar kyanwa, dole su ma na tumɓuke su na zubar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na zazzage leda ɗaya a tafin hannuna ranar da na saya, da na gani da idona. Ciyawa iri biyu ce: akwai mai zama a gindi guda tana kauri, akwai mai aika saiwa ta ƙarƙashin ƙasa tana ɓulla a wani wuri. Saiwar jema ƙasa take nutsawa kai tsaye, shi ya sa inda na ajiye ta nan take har yau. Yanzu ba na biyan kuɗin kowace ciyawa sai na ga saiwarta, kuma idan na hangi farin tsini yana zagaye leda yana neman hanyar fita, mayar da ita nake yi komai kyanta. Nakan kuma tambayi sunanta na Hausa, domin da an ce mini tofa tun farko, da ko kyauta ba zan karɓa ba.

Sauran darussan ƙanana ne idan aka kwatanta. Taki mai yawa kwantar da ciyawa yake yi. Gamba, wadda na so in ƙara saboda kyan zangarniyarta, takan kai mita 3, ta fi ƙarfin ƙaramin fili. Idan hunturu ya busar da ganyen nakan datse shi in bar kamar taƙi ɗaya, gudun gobara da maciji.

Gaban filin na bar shi fayau damina guda ina sa ido, kuma har yanzu kowace safiya nakan zagaya da 'yar wuƙa ina duba tsakanin intalok. Baffa kuwa, duk lokacin da muka yi waya, bayan ya tambayi iyali sai ya ce, "Ya 'yar Japan?"