Alhamdulillahi, jirgin ƙarshe ya sauka

Jiya da asuba jirgin ƙarshe na alhazanmu ya sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai. Na rufe kwamfuta, na kifa kai bisa tebur, hawaye suka zo da kansu. Kun san yadda makonnin nan na jigilar alhazai suka kasance gare ni, mai tsara wa ma'aikatan jirgi lokutan aikinsu, ba sai na maimaita ba.

Daren Laraban nan ne ba zan manta ba. Hadari ya riƙe mu sama da awa biyu, ga agogon aikin matuƙa yana ta ci, don doka ta ƙayyade awoyinsu, in sun cika ko sarki bai isa ya sa su tashi ba. Ana cikin haka zazzaɓi ya kayar da otes ɗaya, wato ma'aikaciya mai kula da fasinjoji cikin jirgi. Ƙa'ida kuwa kowane kujeru 50 sai da ma'aikaci guda, in aka rasa ɗaya jirgi yana ƙasa. Can Jidda tsofaffi na zaune bisa jakunkunansu tun la'asar. Na duba planin, wato jadawalin aikin ma'aikata, sau uku, hannuna na rawa. Suna ɗaya kawai na gani wadda hutunta ya cika, kuma ranar ba tata ba ce.

Ƙanwata ta Harobanda, na san ba ki son a faɗa, ki gafarce ni. Ƙarfe ɗaya na dare na kira ki, ɗanki na kuka a bayanki ina ji. Ba ki tambayi komi ba, kika ce "Yaya, ga ni nan." Kika haye gadar Kennedy bisa kabu-kabu cikin ruwa, kika iso da takalmi a hannu. Allah ya raya miki yaron nan, ya sa ya ji ƙanki, ya kai ki ɗakinsa mai tsarki kina mai ibada, ba mai aiki ba.

Kumandan jirgi, na gode da ba ka ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Baba mai shayi na bakin biro, bashinka yana nan, gobe in Allah ya so. Uwar 'ya'yana, da kika yi Sallar layya kusan ke kaɗai, Allah ya biya ki da Aljanna.

Akwai 'yan uwan da ban ji muryarsu ba sai ranar da suke neman a sa surukinsu a jirgin farko. Ba komi, na yafe.

Wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, wayata a kashe take har jibi.